Tarihin Carl Bosch, maƙerin da ya tace guba daga iskar takin zamani

Ɗalibin da ya yi ilmin shimi a lise, wato ilmin sinadarai, yakan gamu da sunayen Jamusawa biyu, Haber da Bosch, waɗanda suka haɗa iskar azot da iskar idrojen suka sami amoniyak, uwar takin zamani. Littattafan makaranta sukan rubuta lissafin haɗin cikin layi guda, su wuce. Amma kafin a kai ga haɗa iskokin nan biyu, sai da aka raba ɗayarsu, wato idrojen, da wata guba da ake samun su tare tun daga tushe, kuma samar da iskar da tsarkake ta su ne suka ci mafi yawan kuɗi da injuna a masana'antar farko. Wanda ya shugabanci aikin duka shi ne Carl Bosch. Ga tarihinsa, da na gubar da ya yi fama da ita.

Ɗan mai sayar da bututu

An haifi Carl Bosch ran 27 ga watan Agusta 1874 a birnin Kolon, bakin kogin Rin, cikin ƙasar Jamus. Shi ne ɗan fari. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Carl, cinikin bututu da famfuna da sauran kayan jan ruwa da gaz zuwa gidaje yake yi. Ƙanen mahaifin nasa kuwa shi ne Robert Bosch, wanda ya kafa kamfanin kayan lantarkin mota da har yau yake ɗauke da sunan gidansu. A zamanin nan gaz ɗin da ake kunna fitilun biranen Turai da shi daga kwal ake samo shi, akwai kuwa iska mai kisa a cikinsa, saboda haka yaron ya tashi a gidan da ba a ɗaukar bututu mai yoyo da wasa.

Da ya gama makarantar birninsu a 1893, sai ya yi shekara guda yana koyon aiki da hannu a wata masana'antar narka ƙarfe da ke Kotzenau, cikin lardin Silesiya, inda ya yi zubi da ƙira tare da leburori. Daga 1894 zuwa 1896 ya karanta ilmin ƙarfe da na injuna a babbar makarantar fasaha ta Charlottenburg, kusa da Barlin. Sa'an nan ya koma jami'ar Leipzig ya bi ilmin shimi a hannun Johannes Wislicenus, ya sami digirin dokta a 1898. Ta haka ya fito da abin da ba safai ake samu ga mutum guda ba: hannun maƙeri da kan masani.

A 1899 ya kama aiki a kamfanin BASF da ke Ludwigshafen, shi ma bakin Rin. Babbar sana'ar kamfanin a lokacin rini ce. Shekara biyu kafin zuwansa ya fito da shuni na haɗi, wanda daga baya ya karya kasuwar baban ƙasar Indiya. Bosch bai daɗe ba ya nuna irin halinsa. A 1900 Wilhelm Ostwald, ɗaya daga cikin manyan malaman shimi na Jamus, ya kawo wa kamfanin wata dabara da ya ce tana haɗa amoniyak bisa wayar ƙarfe. Aka ba sabon ma'aikacin ya gwada. Bosch ya gano cewa amoniyak ɗin da malamin ya gani daga azot ɗin da ke maƙale cikin ƙarfen tun asali ya fito, ba daga iska ba. Ostwald ya fusata da a ce sabon ma'aikaci ne zai gyara masa aiki, amma daga bisani ya janye dabararsa. A 1902 Bosch ya auri Else Schilbach, suka haifi ɗa da ɗiya.

Yunwar azot

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa azot ne, kuma babu tsiron da ke girma ba tare da shi ba. Sai dai tsiro ba ya iya ɗaukarsa daga iska, in ban da irin su wake da gujiya, waɗanda wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a saiwarsu suke kama musu shi. Manoman Turai na ƙarni na 19 sun dogara ga takin dabbobi, da kashin tsuntsayen teku daga ƙasar Peru, da gishirin nitrat da ake haƙowa a hamadar ƙasar Shili. Gishirin nan kuwa shi ne kuma ake yin albarushi da nakiya da shi. A 1898, a birnin Bristol na Ingila, masani William Crookes ya yi gargaɗi cewa alkama za ta kasa masu cin ta muddin ba a sami hanyar kama azot ɗin iska ba.

Fritz Haber, malami a Karlsruhe, shi ya fara nuna hanyar. Ya gano cewa azot da idrojen sukan haɗu in an sa su cikin zafi mai tsanani da matsi mai tsanani, bisa wani abu da masana ke kira katalizer. Mu ce da shi dillali, don aikinsa ke nan: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuwa ya fita yadda ya shiga. A watan Maris 1909 aka zauna da shugabannin BASF. Da suka ji ana bukatar matsi na atmosfer 100 ko fiye, wato ninki 100 na nauyin iskar da ke danne mu kullum, sai wasunsu suka ce babu ƙarfen da zai jure. Bosch, wanda ya san ƙarfe da hannunsa, ya ga abin zai yiwu, shugaban kamfanin Heinrich von Brunck kuwa ya bi ra'ayinsa. Ran 2 ga watan Yuli 1909 ɗan injin Haber ya ɗigo da amoniyak a gaban wakilin kamfanin. Abin da yake bayarwa cikin awa guda bai kai giram 100 ba. Aka danƙa wa Bosch, yana da shekara 35, aikin mai da giram ya zama tan.

Matsaloli uku ne suka tare shi. Ta farko dillali: Haber ya yi amfani da osmiyom, ƙarfen da duk abin da ke hannun mutane a duniya a lokacin bai taka kara ya karya ba. Alwin Mittasch, wanda malamin makarantar firamare ne kafin ya koma shimi, shi aka ba neman madadi. Ya zuwa 1912 shi da mutanensa sun yi gwaji wajen 6,500 a kan abubuwa kimanin 2,500, kuma wanda ya yi nasara baƙin ƙarfe ne, wanda wata tama daga ƙasar Suwidin ta nuna musu hanyarsa, da ɗan alumin da potas a ciki.

Ta biyu tukunya. Bututun ƙarfe na farko da aka gwada sun fashe bayan awa 80 ko kusan haka. Bosch ya yanki ɓaraguzan ya duba da madubin ƙara girma, ya ga idrojen mai zafi yana kutsawa cikin ƙarfen, yana cinye karbon ɗin da ke ba shi ƙwari, har ya bar shi yana ɓarewa kamar tsohon kasko. A farkon 1911 ya sami magani: ya sa riga ta ƙarfe mai taushi, marar karbon sosai, a ciki, ya kewaye ta da ƙarfe mai tauri wanda ya huda wa ƙananan ramuka, don ɗan idrojen da ya ratso rigar ya fita waje kafin ya yi ɓarna. Wannan dabara ita ta fi ba shi suna. Matsala ta uku ce mutane suka fi mantawa da ita.

Guba cikin idrojen

Azot ba abin nema ba ne, tun da iska cike take da shi. Idrojen ne ke da wuyar samu. Da farko an yi amfani da ɗan abin da ke fita daga sashen kamfanin da ke raba ruwan gishiri da wutar lantarki, amma wannan ba zai ciyar da masana'anta ba. Abin da Jamus take da shi a yalwace kwal ne. In aka gasa kwal ya zama abin da ake kira kok, aka hura shi har ya yi ja wur, sa'an nan aka busa masa tururin ruwa, sai karbon ɗinsa ya fizge oksijen ɗin ruwan ya saki idrojen. Abin da ke fitowa shi ake kira gaz na ruwa. Kusan rabinsa idrojen ne, wajen kashi 40 cikin 100 kuwa wata iska ce da masana ke kira monoksid na karbon, suna rubuta ta CO. Mu kira ta iskar gawayi, don ita ce ke taruwa in aka shige da kaskon garwashi ɗaki aka rufe ƙofa da taga lokacin ɗari. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijen sau 200 da ɗoriya, shi ya sa sau da yawa mai barci kusa da kaskon ba ya farkawa.

Yadda take kashe jini, kusan haka take kashe dillalin Mittasch. In ta sauka bisa ƙarfen, oksijen ɗin da ke cikinta yakan toshe wuraren da azot ya kamata ya zauna, sai aiki ya yi ta raguwa har ya tsaya. Farar wuta da ke cikin kwal ita ma haka take yi. Ɗan kaɗan ya isa, domin iskar ba ta daina kwarara bisa ƙarfen dare da rana. A masana'antun yanzu ba a yarda gubar ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, ko a zamanin Bosch ma sai an sauko da ita ƙasa da kashi 1 cikin 1,000. Mai karatu ya auna tazarar da ke tsakanin wannan da kashi 40 cikin 100.

Me ya sa rabawar take da wuya? Mace mai shiƙa tana raba hatsi da ƙaiƙayi saboda ɗaya ya fi ɗaya nauyi, iska ta kwashe marar nauyin. Iskar gawayi ta fi idrojen nauyi sau 14, amma iskoki biyu in sun gauraya ba sa rabuwa don kansu, mai nauyin ba ya kwantawa a ƙasa. Babu rariyar da za ta tare ɗaya ta bar ɗaya a wancan zamani, ruwa kuma ba ya shan ko wacce daga cikinsu sai kaɗan ƙwarai.

Hanyar da aka fara bi sanyi ce. Carl von Linde, gwanin injunan sanyaya, tare da Adolf Frank da Nikodem Caro, sun fito da wata dabara a 1909. Iskar gawayi takan zama ruwa wajen digiri 191 ƙasa da sifiri, idrojen kuwa sai an kai digiri 253 ƙasa da sifiri. In aka matse gaz na ruwa aka sanyaya shi zuwa wajen digiri 200 ƙasa da sifiri, sai gubar ta ɗige ta taru a gindi, idrojen ya wuce yana iska. Da wannan dabara aka buɗe masana'antar Oppau, kusa da Ludwigshafen, a watan Satumba 1913, wadda aka tsara don ta ba da tan 30 na amoniyak kowace rana. Amma injunan sanyi suna da tsada, suna da saurin toshewa, ba sa kuma kwashe gubar ƙaf. Bosch ya ga cewa in masana'antar za ta ninka girmanta, to, sai an sake hanya.

Hanya ta biyu ta fi wayo: maimakon a cire gubar, sai a sāke mata hali. An san cewa in iskar gawayi ta gamu da tururin ruwa cikin zafi, takan ƙwace oksijen ɗin ruwan ta zama gaz karbonik, irin wanda muke fitarwa da numfashi, ruwan kuma ya saki idrojen ɗinsa. Tun 1888 Ludwig Mond da Carl Langer sun yi rajistar wannan dabara a Ingila, sai dai ba ta shiga manyan masana'antu ba. Bosch da abokin aikinsa Wilhelm Wild suka nemo mata dillalinta a 1912, wato tsatsar baƙin ƙarfe da aka gauraya da ta krom, mai aiki cikin zafin digiri 500 ko kusa da haka, mai jure ƙazantar kwal. A 1915 aka kafa ta a Oppau. Ribarta biyu ce: gubar ta ragu zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100, kuma kowane mudu na gubar da aka juya yana ba da mudu guda na sabon idrojen. Wato abin da ake ƙoƙarin zubarwa jiya ya koma yana ƙara dukiya. Har wa yau, in aka busa wa kok iska maimakon tururi, ana samun gaz mai yawan azot. Aka riƙa gauraya gaz ɗin biyu tun daga farko yadda a ƙarshe za a sami idrojen kashi uku, azot kashi ɗaya, daidai yadda haɗin amoniyak yake bukata.

Gaz karbonik da aka samu ba shi da wuyar cirewa, don ruwa yana shan sa in an matse shi, kamar yadda yake cikin kwalbar lemo kafin a buɗe ta. Sai aka matse gaz ɗin zuwa atmosfer 25, aka tura shi daga ƙasa cikin dogayen hasumiyoyi, ruwa na zubowa daga sama yana wanke shi.

Saura kashi 2 ko 3 ɗin nan, kuma su ne suka fi taurin kai. Masu awon gaz a ɗakunan gwaji sun daɗe da sanin cewa ruwan gishirin jan ƙarfe yana haɗiye iskar gawayi ya ƙyale idrojen. Amma ruwan da suke amfani da shi cikin kwalba yana cin baƙin ƙarfe, masana'antar kuwa duk baƙin ƙarfe ce, ga matsi na atmosfer 200. Wani saurayin masani da ya shigo kamfanin a 1912, Carl Krauch, shi ya warware wannan: ya gano cewa in aka narka jan ƙarfen cikin ruwa mai yawan amoniyak, ba ya taɓa bututu. Aka gina famfunan da ke tura shuɗin ruwan nan cikin hasumiya a ƙarƙashin matsin duka. In ya ƙoshi da guba sai a sassauta masa matsi a ɗumama shi, ya amayar da ita, a mai da ita wurin tururi ta sake ba da idrojen, ruwan kuma ya koma bakin aikinsa. Mai karatu ya riƙe sunan Krauch, za mu sake gamuwa da shi.

Taki da albarushi

Oppau ba ta cika shekara da buɗewa ba Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, a watan Agusta 1914. Jiragen ruwan Ingila suka tare hanyar gishirin Shili, albarushin Jamus ya kama hanyar ƙarewa. Cikin kakar shekarar Bosch ya yi wa hukumar soja alkawarin mai da amoniyak ya zama nitrat da yawa, ya kuwa cika alkawarin a 1915. Ran 27 ga watan Mayu 1915 jiragen saman Faransa suka jefa bom a Ludwigshafen da Oppau. Saboda haka aka gina sabuwar masana'anta a Leuna, tsakiyar Jamus, inda jiragen ba sa kaiwa, kusa da ramukan kwal. An fara gini a 1916, amoniyak na farko ya fita a watan Afrilu 1917. Masu tarihi da yawa suna ganin cewa ba don masana'antun nan biyu ba, da Jamus ba ta iya riƙe yaƙin har 1918 ba. Aikin da aka fara don alkama ya tsawaita kisa, gonakin Jamus kuwa suka rasa taki, mutane suka sha yunwa.

A 1919 Bosch yana cikin ƙwararrun da suka raka wakilan Jamus zuwa taron sulhu na Bersai. Ya tsirar da masana'antun kamfaninsa ta hanyar yarda ya ba gwamnatin Faransa asirin aikin, abin da ya kai ga gina masana'antar azot a birnin Tuluz. A shekarar ce kuma ya zama shugaban BASF.

Ran 21 ga watan Satumba 1921, da misalin ƙarfe 7 da rabi na safe, rumbun taki na Oppau ya fashe. Akwai wajen tan 4,500 na gaurayen sulfat da nitrat na amoniyak a ciki, wanda ya daskare kamar dutse, ma'aikata kuwa sun saba farfasa shi da nakiya, sun yi haka sau dubbai ba abin da ya faru. Mutum 561 suka mutu, kusan 2,000 suka ji rauni, mafi yawan gidajen garin suka rushe. Bosch ne ya yi jawabin ta'aziyya a bakin kaburbura, bayan haka ya kwanta rashin lafiya. Krauch ya sake tayar da masana'antar cikin wata uku. Shekara 80 cif bayan wannan, ran 21 ga Satumba 2001, rumbun nitrat ya fashe a masana'antar nan ta Tuluz, mutum 31 suka rasu.

Cikin shekarun da suka biyo baya, mutanen Bosch suka koma ga tsohuwar abokiyar gabarsu da wata niyya dabam. A 1923 Matthias Pier ya gano yadda za a haɗa iskar gawayi da idrojen su kansu, cikin matsi, bisa dillali na zenk da krom, a sami metanol, wanda a da sai an dafa itace ake samun sa. Iskar da aka kashe dukiya don a kore ta ta zama kayan aiki a Leuna.

Shugabanci a mugun zamani

A 1925 manyan kamfanonin shimi shida na Jamus suka haɗe suka zama IG Farben, aka naɗa Bosch shugaban masu gudanarwa. Ya zuba dukiyar kamfanin cikin wani sabon buri, wato yin man fetur daga kwal da idrojen bisa dabarar Friedrich Bergius, aka fara a Leuna a 1927. A 1931 aka ba shi lambar Nobel tare da Bergius saboda aikin shimi cikin babban matsi. Amma a daidai lokacin an gano rijiyoyin mai masu yawa a Amurka, ciniki ya faɗi a duniya duka, fetur ɗin Leuna ya fi na rijiya tsada nesa ba kusa ba. Ba mai iya tsirar da shi sai gwamnatin da ke son mai ko nawa ne kuɗinsa, wato gwamnati mai shirin yaƙi.

Irin wannan gwamnati ta zo a 1933. Bosch ba ɗan Nazi ba ne, bai kuma taɓa shiga jam'iyyarsu ba. An ba da labari cewa ya gana da Hitila a shekarar, ya yi masa magana a kan korar masana Yahudawa, Hitila ya yi fushi ya sallame shi. Ya taimaki wasu daga cikin waɗanda aka kora. Haber, wanda asalinsa Bayahude ne, ya bar aikinsa ya mutu a Basel, ƙasar Suwis, a watan Janairu 1934. Da aka shirya taron tunawa da shi a Barlin a 1935, gwamnati ta hana malaman jami'a zuwa, Bosch ya je ya kuma gayyato manyan ma'aikatansa. Duk wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa a watan Fabrairu 1933 kamfaninsa ya ba da mark 400,000 ga asusun zaɓen ƴan Nazi da abokansu, kuma a watan Disamba na shekarar IG Farben ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Hitila, wadda ta lamunce masa farashin fetur ɗin Leuna. Mai hura wuta da hannu ɗaya yana yayyafa ruwa da ɗayan, wutar ce ke cin nasara.

A 1935 ya bar gudanarwa ya koma shugaban majalisar sa ido ta kamfanin, a 1937 kuma ya gaji Max Planck a shugabancin babbar ƙungiyar binciken kimiyya ta Jamus mai sunan Kaiser Wilhelm. Muƙamai ne masu girma, amma iko ya riga ya fita hannunsa. Ya riƙa keɓewa a gidansa na Heidelberg, cikin tarin duwatsu da ƙwarin da ya tara tsawon rai, da madubin kallon taurari. Baƙin ciki ya kama shi, ya faɗa shan giya. A watan Mayu 1939, a wani taro a gidan tarihin kimiyya na birnin Munik, ya soki manufofin gwamnati a bainar jama'a, aka tuɓe shi daga muƙaminsa a gidan. Ya rasu a Heidelberg ran 26 ga watan Afrilu 1940, yana da shekara 65, yaƙin da ya hango yana cikin watansa na takwas.

Wanda ya gaje shi a majalisar sa ido shi ne Krauch, mai ruwan jan ƙarfe. A zamaninsa, daga 1941, IG Farben ya gina masana'anta kusa da sansanin Auschwitz da ƙwadagon fursunoni, dubbai suka mutu a wurin. A 1948 kotun Nuremberg ta yanke wa Krauch ɗaurin shekara 6, daga baya kuma aka wargaza kamfanin.

Abin da ya bari

Hanyar da Bosch ya shata ita ake bi har yanzu, ko da yake an sake kayan aikin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gaz na rijiya ya maye gurbin kwal a yawancin ƙasashe, ban da Sin, inda har yanzu kwal ne ke ba da mafi yawan amoniyak. Amma ko daga wanne aka fara, abin da ke fitowa gaurayen idrojen ne da iskar gawayi, tilas kuma a raba su. Dillalin Wild na baƙin ƙarfe da krom yana nan yana aiki. Cikin shekarun 1960 aka ƙara masa na biyu, na jan ƙarfe da zenk, mai aiki wajen digiri 200, wanda ke saukar da gubar ƙasa da rabin kashi 1 cikin 100. Ɗan abin da ya rage sai a juya shi bisa nikel ya zama metan, wanda ba ya cutar ƙarfen. Wannan ne ya sa aka ajiye ruwan jan ƙarfe a yawancin wurare. Tun 1966 kuma ana amfani da wasu tsakuwoyi masu ƙananan ƙofofi, waɗanda ke riƙe iskar gawayi in an matse su, su sake ta in an sassauta, idrojen ya fita da tsarkin da ya wuce kashi 99.9 cikin 100. Motocin da ke tafiya da idrojen sun fi haka tsanani, don platin ɗin da ke cikin batirinsu ba ya son gubar ta kai ko kashi 1 cikin miliyan.

Duniya tana yin fiye da tan miliyan 150 na amoniyak kowace shekara, kuma masana sun ƙiyasta cewa abincin kusan rabin mutanen duniya ya dogara ga azot ɗin da aka kama ta wannan hanya. Aikin yana cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya, takin da ya yi yawa kuma yana ɓata ruwan koguna a ƙasashen da ke zuba shi ba awo, alhali manoman Sahel nasu kukan tsadarsa ne. Gaz karbonik da ake wankewa ma ba duka ake zubarwa ba. Tun 1922 Bosch da Wilhelm Meiser suka tsara yadda za a haɗa shi da amoniyak a sami ure, farin takin nan mai azot kashi 46 cikin 100. Saboda haka in manomin Maraɗi ko na Damagaram ya ɗebi ure ya zuba a gindin hatsinsa, mafi yawan karbon ɗin da ke cikin tafin hannunsa ya taɓa zama iskar gawayi a cikin wani bututu, kafin tururi ya juya shi bisa hanyar da aka fara bi a Oppau a 1915.